Hular Malam Ila

A gidanmu na Wurma ba a jin tatsuniya hannu rabbana. Sauran tsofaffin unguwa, da an ci tuwo yara sun kewaye su, sai su fara. Kakata Iya kuwa tana da sharaɗi: duk wanda zai zauna gaban murhunta sai da ɗan kwikwiyo a cinyarsa. In babu kwikwiyo a gidan, babu tatsuniya, ko da za ka yi kuka har ka shiɗe. Shi ya sa mu jikokinta muka fi kowa sanin lokacin da karyarta Ƙyalle za ta haihu.

Mijinta, kakanmu, mafarauci ne. Ya rasu tun ba a haife ni ba, ya bar mata gona ɗaya da karnuka. Daga Kurfi har Kutawa, duk mai neman kare na tsaron awaki ko na farauta sai a ce masa ya tafi Wurma wurin Iya. Ba ta sayarwa, kyauta take bayarwa, amma sai wanda ya kwanta mata a rai. Abin taƙamarta guda ne, kuma tana faɗinsa ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba: "Shekara talatin, karen da ya fita daga hannuna bai taɓa sa haƙori jikin ɗan mutum ba."

Mutane suna cewa asiri gare ta. Ina! Asirin nata mu ne. Idan Ƙyalle ta haihu, ba mai zuwa kusa sai ita har 'yan kwikwiyon su buɗe ido. Daga ranar sai ta raba mana su, kowa da nasa, na kwana arba'in. Da safe ka kai naka cikin kaji da 'yan awaki ya shinshina su, kaza ta tsattsage shi ya san girmanta. Ka ajiye shi kusa da turmi ya ji daka, ka ba shi jiƙaƙƙen ƙanzo a tafin hannunka. Bayan magariba kuma, in an ci tuwo, ka ɗauko shi ka zauna da shi gaban wuta, kana shafa kunnensa, kana matsa 'yan yatsunsa, kana buɗe bakinsa ka duba, yana jin dariyarmu da tarin Iya da ƙamshin hayaƙi. Wanda zai karɓi karen kuwa, tun farko zai kawo wani abin da ya daɗe yana sawa a jikinsa, tsohuwar riga ko ɗankwali, a riƙa shimfiɗa wa kwikwiyon, don ranar da zai tafi ya tarar ya riga ya san warin mai gidansa. In an tashi, Rabi ƙanwata ta zuba mana ruwa, mu cuɗa hannu da ƙasa, mu sake riga kafin sallar lisha. Iya ba ta wasa da tsarki. Tana cewa, "Allah Ya halicce su, ruwa kuma bai ƙare ba a rijiya. To mi ne ne na ƙyama?"

Ni ne babban jikanta namiji a gidan, don haka ni ne "maigida". Kullum muna cikin tsiya. Ta ce na kasa yi mata zanen sallah, in ce tsohuwar da ba haƙora ai sakinta zan yi. Ta ɗaga muciya, in ruga. A lokacin idanunta sun fara yana, tana ganin mutum kamar inuwa, amma hancinta da kunnenta ba su tsufa ba ko kaɗan.

Ina shekara tara Ƙyalle ta haifi guda biyar, bayan an yanke gero. Nawa baƙi ne wuluk, da farin ƙafa ɗaya. Wani manomi daga Ɗantutture, Malam Ila, ya zo ya zaɓe shi. Gidansa a bakin gari yake, ana yawan ɗauke masa awaki, kuma yana da 'yar ƙaramar yarinya mai suna Hinde da ke yini a tsakar gida. Ya cire tsohuwar hular da ke kansa, wata ja da ta koɗe don zufa, ya miƙa wa Iya. Iya ta miƙo mini.

A satin nan ne abin ya faru a makaranta. Muna cin gyaɗa lokacin tara, na sa hannu a kwanon da muke ci, sai wani yaro ya janye nasa ya toshe hanci. "Warin kare kake, Sada." Shi ke nan. Kafin a tashi, sunana ya koma Na-karnuka. In na zo wucewa a yi mini haushi. In na zauna a benci a matsa. Yanzu in na tuna sai in ga abin bai kai ya kawo ba, amma a lokacin wallahi ji nake gara ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida na rantse wa kaina ba zan ƙara taɓa kare ba.

Na kuma san ba zan iya faɗa wa Iya ba, ba zan kuma iya haƙura da tatsuniya ba. Sai na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Da magariba ta yi, na sami karan dawa na tura kwikwiyon da shi har bayan rumbu, na kife shi da kwando, na ɗora dutse, don kada ya yi ta yawo Iya ta yi tuntuɓe da shi ta gane. Na dunƙule hular Malam Ila na cusa cikin rigata. Na je na zauna can ƙarshen tabarma inda hasken wuta bai kai sosai ba, na rungume ta ina shafawa.

Iya takan bi mu ɗaya bayan ɗaya kafin ta fara. Da ta zo kaina ta ce, "Maigida, naka shiru. Ya yi barci?"

Na ce, "Ya yi barci, Iya."

"Ya yi gadon ragwancin mai shi," in ji ta. Kowa ya yi dariya, har da ni.

Haka na yi washegari, da wanshekaren washegari. Da safe ma da kara nake kora shi cikin kaji, abincinsa kuma in zuba a ƙasa in ture masa da ƙafa. Rabi ce kaɗai ta gani, ta yi shiru don kada a dake ni. Wani lokaci Iya tana tsakiyar magana sai in ji ɗan kukansa siriri daga bayan rumbu, sai in yi tari in rufe. Bayan kamar sati biyu ya daina kukan. Na ji daɗi a lokacin, na ce ya saba.

Ana cikin haka ne Iya ta ba mu tatsuniyar Tsohuwar Dawa. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Takan buga muciya a ƙasa sau biyu ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa," mu ce, "Ta shigo, Iya, akwai wuri."

Ta ce wani mafarauci ne karyarsa ta haifi bakwai. 'Ya'yansa shida ne, kowa ya ɗauki ɗaya, na bakwai ya rasa mai ɗauka. Ba wai an ƙi shi ba ne. Ana zuba masa abinci, ana zuba masa ruwa, ba wanda ya taɓa dukansa. Hannu ne dai kawai bai taɓa sauka a bayansa ba. To ashe akwai wata tsohuwa a dawa, wadda duk gidan da karya ta haihu sai ta zo ranar kwana arba'in ta duba rabonta. Ba ta sallama. Sai dai ku ga wuta ta kwanta gefe guda alhali ba iska. Ta ɗauki kwikwiyo ta shinshina, in ta ji warin hannun mutum sai ta ajiye ta ce, "Wannan na mutane ne." Haka ta yi wa shida. Da ta zo kan na bakwai ta shinshina, ta sake shinshinawa, sai ta yi murmushi ta ce, "Wannan ba mai shi. Nawa ne."

A nan Iya takan rage murya har sai mun matso. "Ba ta ɗauke shi ba fa. Da ta ɗauke shi da da sauƙi. Zuciyarshi ta cire ta sa a jakarta, ta sa mashi ta dawa, ta bar mashi jikin a gidan."

Karen ya girma yana cin tuwon gidan, amma ko an kira shi ba ya zuwa. Ya tafi dawa, namun dawa suka ji warin hayaƙi a jikinsa suka kore shi. Ya dawo gida, ya ga hannu ya miƙo, bai san ko na duka ne ko na alheri ba, sai ya kai cizo. Aka kore shi. Tun daga nan, in magariba ta yi, sai ya zo ya zauna daidai inda hasken wuta ya ƙare, yana waƙa:

"Kun ba ni tuwo, na ci,
Kun ba ni ruwa, na sha,
Hannun wa zan ce na sani?"

Rabi ta tambaya, "Iya, daga nan sai aka yi yaya?"

"Ba a yi komi ba. Yana nan har yanzu. Baƙuwa ta tashi, ku tashi ku wanke hannu."

Ni dai ban motsa ba. Hular tana cikin rigata, ta jiƙe da zufa. Na so in tashi in je in ɗaga kwandon nan, wallahi na so. Amma sai na tuna haushin da ake yi mini a makaranta, na ce gobe. Goben nan ce ba ta zo ba har kwana arba'in suka cika.

Ranar da Malam Ila ya zo ɗauka, da hantsi, Iya ta ce in kawo shi. Ranar ce na fara ɗaukarsa da hannuna tun bayan abin da ya faru a makaranta. Jikinsa ya sandare, ya saki fitsari a kaina, zuciyarsa tana bugawa kamar za ta fito. Iya ta karɓe shi, ta ɗan jima tana shafa bayansa, yana karkarwa. Malam Ila ya miƙo hannu, kwikwiyon ya cusa kai cikin hammatarta. Sauran huɗun kuwa, da suka ji warin masu su, duk kaɗa wutsiya suka yi.

Iya ta ce, "Ila, ka bar mani shi sati guda."

Ya ce, "Iya, shekaranjiya ma an ɗauke mani akuya mai ciki. Ga nisa kuma."

Sai ta juyo wajen da take jin numfashina. Ba ta ce maigida ba wannan karon. "Sada, kwana arba'in yana hannunka?"

Na ce, "Eh, Iya."

Ta sake shafa bayan kwikwiyon. Can ta ce, "To baƙunta ce. Maigidana ba ya yi mani ƙarya." Ta miƙa shi. Malam Ila ya tambayi hularsa, na ce kwikwiyon ya yayyaga ta. A gaskiya na cusa ta ne cikin jinkar rumbu.

Wata biyar bayan nan, muna tsakar gida ana sussuka, sai ga sallamar Malam Ila. Ya shigo da Hinde a kafaɗa, an naɗe mata rabin fuska da bandeji. Ashe karen yana cin abinci, ita kuma ta zo ta baya ta rungumo wuyansa, irin yadda yara ke yi. Ya kama ta a kunci, sannan ya tsallake danga ya gudu. An kai ta asibiti, an yi ɗinki, an yi allurai. Malam Ila bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi zagi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Iya, sunanki na bi."

Na ga kakata, tsohuwar da ta haifi sa'anninsa, ta lalubi ƙasa ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Laifina ne, Ila. Ido ya tafi, ashe hannu ma ya bi shi. Ka yafe mani." Ina tsaye a jikin turmi, taku uku tsakanina da ita. Rabi ta kalle ni, na kalli ƙasa.

Kwana biyu bayan nan karen ya iso Wurma. Yadda aka yi ya gane hanya daga Ɗantutture, Allah kaɗai Ya sani. Bai shigo ba. Da magariba muna cin tuwo sai Ƙyalle ta ɗaga kai, muka duba, ga shi zaune a bakin danga ta wajen rumbu, daidai inda haske ya ƙare. Ya rame, farin ƙafar nan ne kawai ke nuna shi ne. Iya ta tashi da ƙanzo a tafin hannu tana kiransa a hankali. Duk takun da ta yi sai ya ja baya taku ɗaya. Ba ya haushi, ba ya gurnani. Kallonmu kawai yake, kuma na rantse ni yake kallo. Haka ya yi kwana uku. A na huɗu samarin unguwa suka ce mahaukacin kare ne, suka bi shi da sanduna zuwa bayan gari. Na toshe kunnuwana, ashe ba sai na toshe ba, don ko a nan bai yi kuka ba.

Iya ta aika aka kira wani mafarauci daga Kurfi ta ba shi Ƙyalle. Duk wanda ya zo neman kwikwiyo sai ta ce masa ta daina, hannunta ya mutu. Mu kuma muka yi ta roƙo ta ba mu tatsuniya ko ɗaya. Ta ce ai mun san sharaɗi. Ba ta sake buga muciyar nan a ƙasa ba har ta bar duniya.

Ina karatun koyarwa a Dutsin-Ma aka aiko cewa jikinta ya yi tsanani. Na iso da azahar, ɗakin cike da gwaggonnina. Ta makance sarai, hankalinta kuma yana zuwa yana tafiya. Na durƙusa na ce, "Iya, maigidanki ne." Ta lalubo fuskata, hannun ya gangaro ya tsaya a ƙirjina, daidai wurin da nake cusa hular. Ta ce, "Maigida, naka ya yi barci?"

Matan suka ce Allah sarki, ta koma shekarun baya. Ni kuwa na buɗe baki zan faɗa. Shekara goma sha uku ina ɗauke da maganar, ga ta a kan harshena. Na dubi matan nan, na ji kunya irin wadda na ji a benci. Na ce, "Ya yi barci, Iya."

Ta ɗan bubbuga ƙirjina sau biyu, ta janye hannunta. Washegari ta rasu.

Bayan sadakar bakwai Gwaggo Abu, babbar 'yarta, ta kira ni ɗaki ta ba ni wani ƙulli. Ta ce tun shekarar da aka sake jinkar rumbu masu aiki suka tsinto abin suka kai wa Iya, ta shinshina, ta adana a ƙasan adudunta. "Ta ce in ta mutu a ba ka. Ta ce ka san mai ita." Na kwance, jar hula ce, ba yaga ko ɗaya a jikinta. Na kai ta hancina kamar yadda na san Iya ta yi. Hayaƙi ne da zufar yaro, babu warin kare ko kaɗan.

An sake jinkar nan shekara guda bayan cizon Hinde. Ke nan shekara goma sha biyu ta yi tana sane. Tana yi mini tsiya, tana ɓoye mini ƙanzo, tana barin mutane su ce tsufa ne ya ɓata mata aiki, ba ta taɓa nuna ni da yatsa ba. Jira take in zo da ƙafata. Har a kan gadon mutuwa ta sake buɗe mini ƙofa, na sake rufewa. Hular kuma ban kai ba. Na yi ta cewa in an yi hutu, in damina ta wuce, har na ji labarin rasuwar Malam Ila. Tana cikin akwatina yanzu haka.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Tsohuwar Dawa ta tsoratarwa ce kawai, don mu riƙe 'yan kwikwiyo da kyau. Sai da na girma na lura cewa babu mugu a cikinta. Ba wanda ya daki karen nan, ba wanda ya hana shi abinci. Abin da ba a yi ba ne ya halaka shi, kuma abin da ba a yi ba ba ya barin tabo a hannun mai shi, sai a fuskar wani. Shekarata ashirin ina koyarwa. Duk ajin da na shiga, idona yakan fara zuwa benci na ƙarshe, wurin yaron da ba ya rigima, ba ya tambaya, wanda kowa ke cewa ba shi da matsala. Na san irin wannan shirun, na taɓa jin sa daga bayan rumbu.

Watan jiya karyar maƙwabciyarmu Madam Saratu, wata ma'aikaciyar jinya, ta haifi huɗu. Ita aiki ya yi mata yawa, sai ta rufe su a ɗan ɗakin ajiya, tana zuba musu abinci safe da yamma. Kullum da magariba ina jin kukansu ta katanga, siriri. Na daure kwana biyu. A na uku na je na yi sallama na ce ta ara mini su kullum bayan magariba, har ranar da masu su za su ɗauka. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Malam Sada, ku da kare?" Na ce mata ruwa bai ƙare ba a famfo.

Na hura gawayi a tsakar gida, na tara yarana uku, kowa da nasa a cinya, na huɗun a cikin rigata. Na nuna musu yadda ake shafa kunne da matsa yatsu. Na buga cokali a ƙasa sau biyu, na ba su labarin Tsohuwar Dawa, har da waƙar. Da na gama, ƙaramar, wadda na sa wa sunan Iya muke kiranta Mami, ta leƙo ta ga rigata ta yi tudu ba motsi. Ban taɓa ba ta labarin hula ba, ba wanda na taɓa ba wa. Ta ce, "Baba, naka ya yi barci?"

Sai na ɗaga rigar na matsa kusa da wuta, na ce ta zo ta sa hannu ta ji numfashinsa da kanta.